Bob Crompton, mai gyaran famfon da ya ja ragamar Ingila

Wani ƙane nawa ya aiko mini da tambaya. Ya ce gardama ta kaure a gidan kallon ƙwallon unguwarsu kan wane ne kyaftin mafi girma cikin 'yan bayan da Ingila ta taɓa yi. Masu cewa John Terry na yi, masu cewa Tony Adams na yi, wani kuma ya kawo Bobby Moore. Sai wani dattijo da ke zaune a gefe ya ce duk yara ne a gaban Bob Crompton. Babu wanda ya san sunan a wurin. Shi ne yake so in gaya masa wane ne wannan mutum, kuma ko dattijon yana da hujja.

Ƙanena, dattijon nan ya san abin da yake faɗa, Allah ya ƙara masa lafiya. Sai dai kafin in kai ka ga Crompton, dole in kai ka garinsu, domin in ba ka san garin ba, ba za ka gane mutumin ba.

Blackburn gari ne na masaƙu a yankin Lancashire, arewa maso yammacin Ingila. A ƙarshen ƙarni na 19 auduga ce abincin garin: da asuba jama'a su yi dafifi zuwa masaƙa, da yamma su fito a gajiye, ranar Asabar a tashi aiki da tsakar rana. Wannan rabin yinin na Asabar shi ya raini ƙwallon ƙafa a arewacin Ingila. A kudu kuwa, can wajajen Landan, ƙwallo wasan 'ya'yan masu hali ne waɗanda suka fito daga manyan makarantu, kuma a wurinsu abin kunya ne mutum ya karɓi kuɗi don ya buga wasa. Su ne suka kafa hukumar ƙwallon Ingila, wato FA, a 1863, su ne ke riƙe da ita. Ƙungiyoyin arewa suka riƙa biyan 'yan wasa a ɓoye, suna ɗauko gwanaye daga Scotland suna sama musu aikin cin abinci don rufe ido, har sai da hukumar ta ga ba makawa ta halatta biyan albashi a 1885. Bayan shekara uku, a 1888, aka kafa gasar lig da ƙungiyoyi 12, Blackburn Rovers tana ciki. Ita wannan ƙungiya ta ci kofin FA sau uku a jere, 1884 da 1885 da 1886, ta sake ci a 1890 da 1891.

A cikin wannan gari aka haifi Robert Crompton a watan Satumba na 1879. Ka ga ke nan ya yi wayo ne daidai lokacin da ƙungiyar garinsu ke tashe. Ya koyi sana'ar gyaran famfo da haɗa bututun ruwa, kuma gwanin ninkaya ne, yana buga ƙwallon nan ta hannu da ake yi a cikin ruwa. Da Rovers ta ɗauke shi a 1896, bai yarda ya karɓi albashi nan take ba, saboda a dokar wancan zamani duk wanda ya karɓi kuɗi a wani wasa ya rasa damar shiga gasar masu yi don sha'awa, shi kuwa bai shirya rabuwa da ruwa ba. Ya fara buga wa babbar ƙungiya a 1897 yana da shekara 17, daga baya ya sa hannu a matsayin ɗan wasan albashi.

Bai tarar da daɗi ba. Zamanin cin kofuna ya wuce, manyan 'yan wasan sun tsufa ko sun watse. A 1898 ƙungiyar ta kai bakin faɗawa rukuni na biyu, abin da ya cece ta shi ne faɗaɗa rukuni na ɗaya da aka yi zuwa ƙungiyoyi 18. Shekarun ƙuruciyarsa duka a haka ya yi su, ƙungiya na fafutukar tsira, shi kuma a baya yana tare ɓaraka. Ni a ganina wannan ne ya gina shi. Ɗan bayan da ya tashi a ƙungiyar da kullum ake kai wa hari yana koyon abin da ɗan babbar ƙungiya ba ya koya sai ya girma.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan aikin ɗan baya na wancan lokaci, don a nan ne yawancin masu gardama ke ɓata.

Mu nan idan muka ce wane lamba biyu ne, abin da ke zuwa ranmu shi ne yaro mai gudu a gefen dama, ya hau ya kai kuros, ya dawo ya tare. Ba haka abin yake ba a zamanin Crompton. Tsarin da kowa ke bugawa shi ne mutum biyu a baya, uku a tsakiya, biyar a gaba. 'Yan baya biyu ne kacal tsakanin mai tsaron gida da maharan abokan hamayya su biyar. Lambobin da muke kiran 'yan wasa da su, biyu da uku har zuwa goma sha ɗaya, daga wannan tsarin aka ƙirgo su, ko da yake a zamaninsa ba a fara manna lamba a riga ba tukuna. Saboda haka gurbin Crompton ya fi kusa da abin da muke kira lamba huɗu ko biyar a yau. Shi ne katangar ƙarshe.

Za ka ce ta yaya mutum biyu za su tare biyar? Amsar tana cikin dokar satar gida. Kafin 1925, ɗan gaba ba ya tsira daga satar gida sai da abokan hamayya uku tsakaninsa da layin raga a lokacin da aka bugo masa ƙwallo, ba biyu ba kamar yanzu. Wato gola da 'yan baya biyun nan duka. To sai ɗan baya ɗaya ya matsa gaba ya tsaya, ɗayan ya ja baya yana gadi. Duk ɗan gaban da ya wuce na gaban nan ya shiga satar gida, in kuma an yi sa'a ya kuɓuce, ga na bayan yana jiransa. Aiki ne na lissafi da fahimtar juna. Bill McCracken na Newcastle shi ya fi kowa shahara da wannan tarko, har abin ya gundiri 'yan kallo aka sauya dokar. Shekarar da aka sauya ta, ƙwallayen da aka ci a rukuni na ɗaya suka tashi daga 1,192 zuwa 1,703. Daga nan ne masu horarwa irin su Herbert Chapman na Arsenal suka janyo lamba biyar daga tsakiya ya koma baya, su kuma lamba biyu da uku aka tura su gefe, inda muka tarar da su.

Crompton ba da tarko ya yi suna ba. Shi da kafaɗa aka san shi. A lokacin doka ta yarda ka bangaji mutum kafaɗa da kafaɗa da iyakar ƙarfinka, muddin ba ta baya ka zo ba kuma ba ka sa hannu ko gwiwar hannu ba. Har mai tsaron gida ana bangaza idan yana riƙe da ƙwallo. In ka duba tsofaffin hotunansa za ka ga mutum ba dogo can ba, amma mai faɗin ƙirji da kaurin wuya irin na masu ninkaya, ga gashin baki, ya harɗe hannuwa cikin rigar nan ta Blackburn mai rabi shuɗi rabi fari. Irin jikin da in ya jingina da kai a guje, sai dai ka tashi ka kaɗe wando. Duk da haka shaidar da mutanen zamaninsa suka yi masa ita ce ba mai ƙeta ba ne. Ba ya harbin ƙafa, ba ya bin mutum ta baya. Ga iya buga ƙwallo da kai, ga kyawun bugu, kuma ba irin masu dirka ta sama duk inda ta faɗi ba ne, yakan nemi nasa ya ba shi.

Na buga baya a ƙuruciyata, kuma na riski ragowar ƙwallon fata mai ɗinki. Ranar da aka yi ruwan sama, fatar takan sha ruwa ta yi nauyi kamar an cusa mata yashi. In ka sa mata kai ba daidai ba, sai ka ji wuyanka ya amsa, idonka ya yi duhu na ɗan lokaci, in ɗinkin ya same ka a goshi kuwa ka kwana da shaida. To su irin wannan suke bugawa kowane mako, a cikin sanyin Lancashire, a fili mai caɓi, da takalma masu nauyi da suka rufe idon sawu. Babu canji. In ka ji ciwo, ko ka fita ƙungiyarka ta ƙarasa da mutum goma, ko ka koma gefe kana ɗingishi har a tashi. Sai a 1965 aka yarda da canjin ɗan wasa a gasar lig ta Ingila. A wannan yanayi mutumin nan ya buga wa ƙungiya ɗaya wasan lig kusan 530, daga yana ɗan shekara 17 har ya kai 40. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji girmansa ya ƙaru a idona.

Ingila ta fara kiransa a watan Maris na 1902, a wasa da Wales. Wata guda bayan haka yana cikin filin Ibrox a birnin Glasgow, ranar 5 ga Afrilu, lokacin da wani sashe na matattakalar katako da 'yan kallo ke tsaye a kai ya rufta ana tsakiyar wasa da Scotland. Mutum 25 suka mutu, fiye da 500 suka jikkata. Aka ƙarasa wasan don gudun kada jama'a su ruɗe su tattake juna, daga baya aka soke sakamakon aka sake bugawa a Birmingham. Yana da shekara 22 a lokacin.

Ya buga wa ƙasarsa sau 41. Na san yaran gidan kallo za su ce 41 ɗin me, ga masu ɗari da ɗoriya. A nan ne nake so ka yi musu lissafi. A wancan zamani babu gasar cin kofin duniya, babu ta Turai, babu wasannin share fage. Wasa uku Ingila ke yi a shekara: da Scotland, da Wales, da Ireland. Daga 1902 zuwa 1914 shekara 13 ke nan, wasa 39. Ka ƙara wasa bakwai da suka buga a rangadin tsakiyar Turai na 1908 da 1909, inda suka je Ostiriya da Hangari da Bohemiya (yankin da ke cikin ƙasar Czech a yau), karon farko da babbar tawagar Ingila ta buga wasa da ƙasashen da ba na tsibiransu ba. Jimla 46. Crompton ya buga 41 daga ciki. Biyar kawai ya rasa cikin shekara 13, a gurbin da ake shan duka. Babu wanda ya kamo wannan adadi a Ingila sai Billy Wright a 1952, bayan shekara 38. Abokin tafiyarsa na hagu a mafi yawan shekarun ƙarshe shi ne Jesse Pennington na West Bromwich Albion, a bayansu kuma sau da yawa Sam Hardy ne a raga.

Sai maganar kyaftin, wadda ita ce zuciyar tambayarka.

Kyaftin na yau yana ɗaura kambu, ya je a jefa kwabo, ya yi magana da alƙalin wasa, amma ga koci can a gefe da mataimaka da allo da kwamfuta. A zamanin Crompton tawagar Ingila ba ta da koci sam. Wani kwamitin dattawan hukumar FA ne ke zama ya zaɓi mutum 11, a haɗu a otal ko a tashar jirgin ƙasa, a shiga fili. Sai a 1946 Ingila ta naɗa mai horarwa na farko, Walter Winterbottom. A ƙungiyoyi ma sakatare ne ke riƙe da takardu da kuɗi, daraktoci su zaɓi 'yan wasa, mai kula da motsa jiki ya sa a zaga fili. Da zarar an busa usur, komai ya koma hannun kyaftin. Shi zai duba iska ya zaɓi gefen da za a fara, shi zai ga cewa ɗan gefen abokan hamayya ya fi ƙarfin nasa ya ce wane ya koma ya taimaka, in wani ya ji rauni shi zai sake jera mutum goman da suka rage. Aikin koci da na kyaftin a wuyan mutum ɗaya, kuma yana yi yana bangazar 'yan gaba.

Su kuma dattawan hukumar ba sa son ɗora wannan nauyi a kan ɗan albashi. A tunaninsu shugabanci na 'ya'yan manya ne, wanda ke karɓar kuɗi kuwa ma'aikaci ne, ma'aikaci ba ya ba da umarni. Muddin akwai mai buga wasa don sha'awa a cikin tawaga, galibi shi ake miƙa wa ragama, kamar G. O. Smith a ƙarshen ƙarni na 19, da Vivian Woodward a zamanin Crompton kansa. Za ka ji ana cewa Crompton ne ɗan albashi na farko da ya zama kyaftin ɗin Ingila. Wannan magana tana buƙatar gyara, domin kafin shi an ɗan ba wasu riƙo na 'yan wasanni kaɗan, irin su Bob Holmes na Preston. Abin da yake tabbas shi ne Crompton ne na farko cikinsu da ragamar ta zauna a hannunsa. Ya jagoranci Ingila fiye da sau 20, wato fiye da rabin wasanninsa. Mai gyaran famfo daga garin masaƙa, wanda bai taka babbar makaranta ba, ya kai matsayin da masu hukumar suka rasa yadda za su tsallake shi. Wannan a wurina ya fi adadin wasanninsa nauyi.

Batun kuɗi kuwa, kada ka ɗauka sun samu irin na 'yan yanzu. Daga 1901 hukuma ta ƙayyade cewa babu ɗan wasan da za a biya fiye da fam 4 a mako, a 1910 aka ɗaga zuwa fam 5. Ya fi na ma'aikacin masaƙa nesa, amma ba kuɗin da mutum zai yi ritaya da shi ba ne. Kuma ƙungiya na iya riƙe takardun ɗan wasa ta hana shi komawa wani wuri ko da kwantiraginsa ya ƙare. Shi ya sa Crompton bai saki sana'arsa ba. Ya ci gaba da harkar famfo, daga baya ya shiga harkar motoci, har ana ba da labarin cewa shi ne ɗan ƙwallon farko da ya zo fili da motar kansa.

Haƙurinsa da Blackburn ya biya. Wani attajirin masaƙa, Lawrence Cotton, ya zama shugaban ƙungiyar ya zuba kuɗi a filin Ewood Park da sayen 'yan wasa: Jock Simpson daga Falkirk a kan fam 1,800 a 1911, Danny Shea daga West Ham a kan fam 2,000 a 1913, kuɗin da ba a taɓa biya ba a lokacin. Da Crompton a dama da Arthur Cowell a hagu, Rovers ta ci gasar lig karon farko a tarihinta a kakar 1911 zuwa 1912. Yana da shekara 32, ya shekara 15 yana jira. Suka sake ci a kakar 1913 zuwa 1914, suka ba Aston Villa tazarar maki bakwai, a zamanin da nasara maki biyu ce. Bayan waɗannan biyun Blackburn ba ta sake ɗaukar kofin babbar gasa ba sai a 1995, zamanin Alan Shearer. Waɗanda suka kalli Yakubu Aiyegbeni yana zura ƙwallo huɗu a ragar Swansea a 2011, a wannan filin na Ewood Park ne, inda Crompton ya yi rayuwarsa.

Abin da ya kuɓuce masa yana ɗan wasa shi ne kofin FA. Sun kai wasan kusa da na ƙarshe a 1911 da 1912, duka aka fitar da su. Sai yaƙin duniya na farko ya zo, aka dakatar da gasar lig daga 1915 zuwa 1919. Ƙungiyar da ta ci kofi biyu ta watse, ɗaya daga cikin gwanayenta, Eddie Latheron, ya mutu a fagen daga a 1917. Da aka dawo, Crompton ya ɗan taɓa wasa ya ajiye takalmi a 1920.

Bai bar gidan ba. Aka sa shi cikin daraktoci, a 1926 kuma aka miƙa masa horar da ƙungiyar. A 1928 suka kai wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley, za su kara da Huddersfield Town, wadda ta ci lig sau uku a jere ba da daɗewa ba kuma kowa ya ba ta kofin tun kafin a fara. Ba a cika minti ɗaya ba aka ɗaga ƙwallo gaban ragar Huddersfield. Golansu, Billy Mercer, ya cafe ta, kafin ya daidaita tsayuwarsa Jack Roscamp ya iso a guje ya sa masa kafaɗa, ƙwallo ta ƙare a cikin raga. Alƙali ya ce ta ciwu, domin doka ta yarda. Aka tashi 3 da 1. Kofin da ya gagare shi yana cikin fili ya same shi yana gefe, kuma da irin makamin da aka san shi da shi.

Amma hali zanen dutse. Tsananin da ya sa ya yi shekara ashirin da wani abu yana tare 'yan gaba, shi ne ya kawo masa matsala da ya zama shugaba. Mutum ne mai son a yi abu yadda ya ce, ba ya ɗaukar wasa da aiki, 'yan wasan sabon zamani kuma ba su saba da haka ba. A farkon 1931 suka kai ƙararsa ga daraktoci, ya sauka daga horarwa, a taron da ya biyo baya kuma ba a sake zaɓensa darakta ba. Bayan shekara 34 ya fita daga Ewood Park. Ba zan ce 'yan wasan ba su da tasu hujjar ba, domin na horar da yara na kuma san yadda tsawa ke kashe wa yaro gwiwa in ta yi yawa. Duk da haka yadda aka rabu da shi yana yi mini ciwo. Ya je ya ɗan riƙe Bournemouth a tsakiyar shekarun 1930, can kudu, nesa da gida.

A 1936 Blackburn ta faɗa rukuni na biyu karon farko a tarihinta, a 1938 kuma ta fara leƙen na uku. Sai aka koma aka nemi dattijon da aka kora. Bai tsaya jan rai ba, ya dawo, ya tsamo su a ƙarshen wannan kakar, a kaka ta gaba, 1938 zuwa 1939, suka ci rukuni na biyu suka koma sama. Wasa uku kacal aka buga a sabuwar kakar yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, aka sake rufe gasar.

In ka koma gidan kallon, ba sai ka ce ya fi Moore ko Terry ba, domin ba doka ɗaya suka buga ba, ba kuma ƙwallo ɗaya ba. Ka dai gaya musu wasa 41 cikin 46, ka gaya musu babu koci babu canji, sannan ka je ka gaishe da dattijon nan ka tambaye shi inda ya ji sunan.

Crompton ya ci gaba da riƙe ƙungiyar a wasannin yanki da ake yi lokacin yaƙi. A watan Maris na 1941 ya kalli yaransa sun buga da Burnley, maƙwabtansu kuma manyan abokan hamayyarsu, a Ewood Park. Bayan an tashi ciwon zuciya ya buge shi, ya rasu yana da shekara 61, yana kan aikinsa na kocin Blackburn Rovers.